Jijjigar Inji da Mutuwar Yatsu: Cutar da Zafin Ƙasarmu Yake Ɓoyewa

Yawancin ayyukan da mutanen Tafashiya da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada suka gada suna yi da ƙarfin damtse sun koma hannun inji a cikin zamani ɗaya, domin gero da dawa da masarar da a da ake kai wa turmi da dutsen niƙa yanzu injin niƙa ake kai wa, sussukar da ake yi da sanduna a masussuka injin casa ya karɓe ta, ginin ƙasa yana ja da baya a gaban bulon siminti, ƙofar kara da ta katako kuma sun ba ta ƙarfe wuri. Wannan sauyi ya sauƙaƙa rayuwa, musamman ga mata, ya kuma buɗe wa matasa sana'o'in da kakanninsu ba su sani ba, irin su walda da buga bulo da yankan itace da zarto mai inji da acaɓa da tura ƙaramin injin huɗa. Sai dai duk waɗannan injuna suna da hali ɗaya da ba a cika kulawa da shi ba, wato jijjiga, wadda take fita daga jikin injin ta shiga tafin hannun mai riƙe da shi, ta ratsa yatsu da wuyan hannu har gwiwar hannu, kullum, sa'o'i da yawa, shekara da shekaru. Likitocin da suka ƙware a cututtukan sana'a sun daɗe da tabbatar da cewa wannan jijjiga tana lalata jijiyoyin hannu, kuma lalacewar idan ta yi nisa ba ta gyaruwa.

Fahimtar yadda hakan yake faruwa tana buƙatar a san abin da ke cikin yatsa. Akwai jijiyoyin jini, waɗanda suke kai abinci da ɗumi, akwai kuma jijiyoyin ji, waɗanda suke ɗaukar saƙo daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa, su sanar da mutum cewa abin da ya taɓa mai zafi ne ko mai sanyi, mai santsi ne ko mai kaushi, mai kaifi ne ko dakusasshe. Manyan jijiyoyin ji guda uku ne suke hidimar hannu, kowace tana rarrabuwa zuwa rassa sirara ƙwarai, waɗanda suke ƙarewa a wasu ƙananan ƙwayoyi da ke ƙarƙashin fata, kuma kan yatsa yana cikin wuraren da waɗannan ƙwayoyi suka fi yawa a jikin ɗan Adam. Wasu daga cikinsu suna kusa da saman fata, suna jin taɓi mara nauyi da zamewar abu daga hannu. Wasu kuma, waɗanda ake kira da sunan masanin Italiya Filippo Pacini da ya bayyana su a shekarun 1830, suna can ciki, kuma aikinsu shi ne jin jijjiga mai sauri, musamman wadda take kai da komo kimanin sau 250 a sakan ɗaya. Da waɗannan ƙwayoyi ne mai injin niƙa yake aiki lokacin da ya tara hannu a bakin injin, ya ɗebo gari kaɗan, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ya gane nan take ko ya yi laushin da ake so na tuwo ko yana da sauran tsaki, sa'annan ya ƙara ɗaure injin ko ya sassauta shi. Da su ne kuma mai walda yake shafa wurin da ya goge, ya ji ɗan tudun da ido bai gani ba.

Zaren jijiyar ji yana kama da wayar lantarki mai rigar roba, domin yawancin zaruruwan suna lulluɓe da wata riga ta kitse wadda take sa saƙo ya yi gudu ba tare da ya ɓace a hanya ba. Lokacin da hannu ya daɗe a kan abin da ke jijjiga, ƙwayoyin da ke kan yatsa suna gajiya, su daina amsawa yadda suka saba, abin da ya sa ma'aikaci yakan ajiye inji ya ji yatsunsa sun yi minjirya ko sun yi nauyi, kafin bayan wasu mintuna ko sa'o'i su dawo daidai. A wannan mataki ba a yi asarar komai ba tukuna. Amma idan aka ci gaba da maimaita haka kullum, sai jijiyar ta riƙa kumbura daga ciki, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita su ƙuntata, rigar kitsen ta fara zaizayewa, wasu zaruruwan su mutu gaba ɗaya, tabo mai tauri ya maye gurbinsu. Likitocin Japan da suka duba naman yatsun irin waɗannan ma'aikata da madubin likita a shekarun 1980 sun ga wannan zaizayewa da wannan tabo ƙuru-ƙuru, tare da kaurin bangon ƙananan jijiyoyin jini.

Akwai wani abu da yake ƙara wa lamarin muni, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Jijjiga da kanta tana sa tsokar hannu ta ƙanƙame abin da ta riƙe ba da niyyar mai hannun ba, kuma mutumin da yatsunsa suka fara mutuwa ba ya iya auna ƙarfin riƙonsa, saboda haka yakan damƙe inji fiye da yadda aikin yake buƙata, don tsoron kada ya kuɓuce masa. To, gwargwadon ƙarfin damƙa, gwargwadon yawan jijjigar da take shiga nama. Ta haka ne cutar take ciyar da kanta, har ma'aikacin da ya fi kowa ƙwarewa da daɗewa a sana'a ya zama shi ne ya fi kowa karɓar illa.

A wani taron masana da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1986 an kasa wannan lalacewa zuwa matakai uku, kuma har yanzu likitoci suna amfani da wannan kaso. A mataki na farko mutuwar yatsu tana zuwa tana tafiya, da minjirya ko babu ita. A na biyu tana daɗewa ko ta zauna dindindin, kuma idan aka gwada sai a tarar jin taɓi da na zafi da na sanyi ya ragu. A na uku kuwa yatsu ba sa iya rarrabe ƙananan abubuwa, aikin da yake buƙatar tsanaki kuma ya gagara. Wannan mataki na ƙarshe ba a wurin aiki kaɗai yake nuna kansa ba. Mutum yakan kasa ɓalla maɓallin rigarsa sai ya duba da ido, ya kasa tsince allura ko ƙaramin noti daga ƙasa, ya kasa raba takardun kuɗi biyu da suka manne, ya riƙa tsallake ƙwayoyin carbi ba tare da ya sani ba, kofin shayi ya suɓuce masa a gaban mutane. Mafi hatsari shi ne mai walda ya dafa ƙarfen da bai huce ba, bai ji komai ba sai da fata ta tashi, ko mai casa ya yanke a yatsa bai lura ba sai da ya ga jini a kan buhu.

Tarihin gano cutar yana da muhimmanci a nan, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa ba a ganinta a ƙasar Hausa. A 1911 wani likitan Italiya mai suna Giovanni Loriga ya bayyana yadda yatsun masu sassaƙa dutse da guduma mai aiki da iska suke yin fari su mutu. A 1918 likitar Amurka Alice Hamilton ta je garin Bedford da ke jihar Indiyana, inda ake sarar farin dutsen gini, ta tarar kusan tara cikin goma na masu aiki da irin wannan guduma a can suna fama da abin da su da kansu suke kira matattun yatsu, ta kuma danganta shi da abubuwa uku: jijjigar kayan aiki, da tsananin damƙa, da sanyi. Da aka koma wannan gari a 1978, shekara sittin bayan ziyararta, sai aka samu kimanin takwas cikin goma suna ɗauke da ciwon, saboda gudumar ba ta sauya ba. A Japan ciwon ya bazu tsakanin masu sarar daji bayan shigowar zarto mai inji, har hukuma ta taƙaita aiki da shi zuwa sa'a biyu a yini. A Birtaniya an sa farin yatsa cikin jerin cututtukan sana'a da ake biyan diyya a kansu a 1985, kuma a ƙarshen shekarun 1990 masu haƙar kwal suka yi nasara a kotu a kan hukumar kwal ta ƙasar, aka biya dubban mutane.

Duk waɗannan ƙasashe masu sanyi ne, kuma alamar da ta ja hankalin likitocinsu ita ce ta jijiyoyin jini: sanyi ya bugi hannu, jijiyoyin yatsa su tsuke farat ɗaya, yatsa ya yi fari fat tun daga kai, sa'annan idan jini ya dawo ya yi ja da zogi. Wannan hali, wanda likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana tun 1862, shi ne ya zama tambarin cutar a littattafai da dokoki, har ma'aunin ƙasa da ƙasa na jijjigar hannu a kansa ya gina hasashensa. Amma sanyi ne yake tayar da farin yatsa, kuma a tsakiyar jihar Katsina yawancin watannin shekara zafi ne. Binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi irin su Indonesiya da Malesiya da Biyetnam ya nuna cewa farin yatsa ba ya cika bayyana a can, alhali mutuwar yatsu da minjirya da raunin riƙo suna nan da yawa. A Afirka ta Kudu wani bincike da aka buga a 2007 a kan masu haƙar zinariya da ke aiki da injin huda dutse ya samu cutar a jikin kimanin kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka duba. A 2017 kuma wasu masana na Suwidin suka tattara sakamakon bincike masu yawa, suka kammala da cewa jijjiga tana ninka hatsarin waɗannan cututtuka sau huɗu zuwa biyar, kuma idan yawan jijjigar ɗaya ne, lalacewar jijiyoyin ji tana riga farin yatsa bayyana da nisa, a cikin kusan sulusin lokacin.

Ma'anar wannan ga ma'aikacin Tafashiya a fili take. Alamar da duniya ta saba jira ba lallai ta zo masa ba, idan ma ta zo, a 'yan makonnin hunturu ne, da asuba, lokacin da ɗan acaɓa ya fito da fasinja cikin iska ko mai bulo ya tsoma hannu a ruwan da ya kwana a waje, kuma a baƙar fata dusashewar launi ba ta fitowa sosai sai a tafin yatsa da ƙarƙashin farce. Da rana ta ɗaga sai abin ya wuce, a manta da shi. Ɓarnar da take ci gaba a cikin jijiyoyin ji kuwa ba ta da launi, ba ta kumbura, ba ta fitar da jini, kuma ba ta hana mutum fita aiki sai bayan shekaru. Zafin ƙasa bai kare hannun kowa ba, gargaɗin kawai ya kawar.

Idan mai irin wannan ciwo ya gaji ya fara neman magani, yawanci akan ce masa sanyi ne ya kama shi, a ba shi saiwa ko man shafawa, ko ya sayi ƙwayar rage zogi a kemis, ya koma kan injinsa. A asibiti ma akwai cututtukan da dole a fara kawar da zatonsu, kuma daidai ne a yi hakan. Ciwon suga yana kashe jijiyoyi, amma yakan fara da ƙafafu biyu kafin ya iso hannu. Kuturta tana kashe ji a hannu, amma takan zo da tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, da kaurin jijiya da ma'aikacin lafiya zai iya shafawa ya ji, kuma tana da magani kyauta, saboda haka bai kamata tsoron sunanta ya hana kowa zuwa a duba shi ba. Ƙarancin sinadarin B12, da wani daga cikin magungunan tarin fuka, da matsewar jijiya a wuya, duk suna iya kawo minjirya. Akwai kuma matsewar jijiya a wuyan hannu, inda ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin nan uku take bi ta wani ƙunƙuntaccen rami tare da igiyoyin tsoka. Wannan ciwo yana kama babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu, yana tada mutum cikin dare yana yarfa hannu, kuma masu aiki da injuna masu jijjiga sun fi sauran mutane kamuwa da shi. Muhimmancin gane shi shi ne cewa yana cikin kaɗan da ake iya gyarawa, da takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare ko da ƙaramar tiyata, irin wadda ake yi a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Abin da yake raba waɗannan duka da cutar jijjiga tambaya ce guda, wadda likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya shawarci likitoci su riƙa yi tun a littafinsa na 1700 a kan cututtukan ma'aikata, wato a tambayi marar lafiya sana'ar da yake yi. Kankiya tana da babban asibiti, tana kuma da makarantar koyon aikin lafiya wadda ɗalibanta suke cika ƙananan asibitocin ƙauyukan jihar, kuma babu wani wuri da ya fi wannan dacewa a koyar da cewa duk wanda ya zo da mutuwar yatsu a tambaye shi injin da yake riƙewa, da sa'o'in da yake yi a kansa, da shekarun da ya yi yana yi. Gwajin farko ma ba ya buƙatar na'ura mai tsada, domin da siririn zaren roba ko bakin biro, irin yadda ma'aikatan yaƙi da kuturta suka daɗe suna yi, ana iya gane ko ji ya ragu a kan yatsa, haka nan idan aka sa mutum ya rufe ido ya tsince ƙananan abubuwa daga faranti.

Illar jijjiga tana bin lissafi, kuma lissafin yana da sauƙin riƙewa. Ana auna ƙarfinta da wata ƙaramar na'ura da ake mannawa a mariƙin inji, a fitar da adadi a ma'aunin da ake rubutawa m/s², sa'annan a daidaita shi da yinin aiki na sa'a takwas. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa 2.5 a matsayin matakin da dole mai ɗaukar aiki ya fara ɗaukar mataki, ta sa 5 a matsayin iyakar da ba a yarda a wuce ba. Waɗannan adadi ba alamar tsira ba ne, domin hasashen ma'aunin ƙasa da ƙasa shi ne cewa a mataki na 2.5 mutum ɗaya cikin goma zai samu farin yatsa bayan kimanin shekara 12, a mataki na 5 kuma bayan kimanin shekara 6. Abin da ya fi amfani ga mai sana'a shi ne dangantakar ƙarfi da lokaci: idan ƙarfin jijjiga ya ninka sau biyu, lokacin da za a iya riƙe injin yana raguwa zuwa rubu'i. Injin da yake bada 5 yana kai mutum matakin 2.5 a cikin sa'a biyu, wanda yake bada 10 kuwa a cikin rabin sa'a. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta taƙaita wannan da cewa injin da yake bugawa kamar guduma yakan kai mutum wannan mataki idan ya wuce minti 15 a yini, mai juyawa kamar injin gugar ƙarfe kuma idan ya wuce sa'a ɗaya.

Saboda wannan lissafi ne gyaran inji yake da riba fiye da yadda ake zato. Faifan guga da ya karkace ko ya cinye ta gefe ɗaya, da boris ɗin da ya mutu, da zarton da ya dakushe, da injin niƙa da aka ɗora a kan katako maimakon a ɗaure shi a kan daɓen siminti, da robobin mariƙi da suka tsage aka ɗaure da waya, kowanne yana ƙara jijjiga, yana kuma tsawaita aikin, ya sa a ƙara danna hannu. Injin niƙa ba a ɗauke yake a hannu ba, don haka illarsa ba ta kai ta injin guga ko zarto ko ƙaramin injin huɗa ba, amma mai shi yakan wuni da tafi ɗaya a kan mazubin hatsi ba don wata buƙata ba sai sabo, kuma ɗage hannun nan kaɗai ya rage kaso mai yawa. Safar hannu tana da amfani wajen tsare ɗumi da hana yanka, musamman ga ɗan acaɓa da hunturu, amma ko waɗanda ake sayarwa da sunan maganin jijjiga ba sa tare mai yawa, tsumman da ake naɗawa a mariƙi kuma yakan ƙara masa kauri har a ƙara damƙa. Taba sigari tana tsuke jijiyoyin jinin yatsa, tana taimaka wa cutar. Idan aka daina aikin da wuri farin yatsa yakan ragu a hankali, amma mutuwar ji da ta zauna ba ta cika dawowa ba, kuma babu ƙwaya ko allurar da take mayar da zaren jijiyar da ya mutu.

Ta fuskar doka, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa cututtukan da jijjiga take haifarwa cikin jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010, kuma a wannan shekarar ce Nijeriya ta kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda hukumar NSITF take gudanarwa da gudummawar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da masu ɗaukar aiki suke biya. Wannan tsari an gina shi ne a kan kamfani mai rajista da takardar albashi, alhali mai walda a bakin titin Kano zuwa Katsina, da mai injin niƙa a Tafashiya, da mai yawo da injin casa gona-gona da kaka a ƙauyukan Kusada, kowannensu shi ne maigida, shi ne ma'aikaci, kuma ranar da bai yi aiki ba babu cefane. Gaya wa irin wannan mutum ya bar sana'arsa ba shawara ba ce da za ta karɓu, shi ya sa maganar rage sa'o'i da gyaran inji ta fi kusa da abin da zai yiwu.

Waɗanda suka fi buƙatar a dube su su ne yaran shago. A al'adar koyon sana'a maigida yakan riƙe aikin gwaninta, wato awo da yanka da haɗi, ya bar wa ƙaramin yaro guga, saboda ita ce ba ta buƙatar sani, sai yaron ya wuni da injin a hannu yana bin ƙofofi da tagogi ɗaya bayan ɗaya, tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Tunda illar tana taruwa ne da yawan shekaru, wanda ya fara tun yana yaro zai iya kaiwa mataki na biyu na lalacewar jijiya a daidai lokacin da aka yaye shi ya buɗe nasa shagon, ya yi aure, nauyi ya hau kansa. Maigidan da yake da yara huɗu yana iya raba gugar yini a tsakaninsu, kowa ya yi ɗan lokaci ya koma wani aikin, ya hana a yi amfani da karkataccen faifai, ya kuma riƙa tambayarsu da safe ko minjiryar jiya ta sake su kafin su kwanta. Ƙungiyoyin masu walda da na masu niƙa da na 'yan acaɓa, waɗanda suke da shugabanni da ranakun taro da kuɗin mako a kusan kowane gari na wannan yanki, suna da ikon mayar da wannan ya zama ƙa'idar sana'a kamar yadda suke tsayar da farashi, kuma yaron da ya ce yatsunsa sun kwana a mace a ɗauke shi daga guga a kai shi asibiti a wannan makon.